Fitilar Bin Jarumi: Yadda Ƙaramar Ƙungiyar Wasan Daɓe Za Ta Zaɓa Ba Tare Da Asara Ba



Duk wanda ya taɓa zuwa kallon gala ko babban wasan mawaƙa ya san wannan lokacin: a kashe fitilu, wuri ya yi tsit, sai ga wani zagayayyen haske fari tas ya sauka a kan mutum ɗaya, duk inda ya taka yana biye da shi. Fitilar da ke wannan aiki 'yan kasuwa suna ce mata folo-sifot, mu kuma a ƙungiyarmu muna kiranta fitilar bin jarumi.

Ni ne mai kula da haske a wata 'yar ƙungiyar wasan daɓe ta unguwa. Kada ku raina irin waɗannan ƙungiyoyi fa, domin daga cikinsu Kannywood ta fito: ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a Kano a 1990. Mu dai har yanzu a ɗakin taron makaranta muke wasa, kuma da kuɗin karo-karo muke sayen komai.

Da muka tara kuɗin fitila, ni aka damƙa wa. Na je na ga wata ƙatuwa 'yar Kwatano, an rubuta wat 1,200 a jikinta, mai shago ya kunna ta haske bango fayau, na biya ban tambayi komai ba. Ranar wasa, ana tsakiyar wurin da jarumarmu take kuka, aka ɗauke wuta. Yara suka ta da janareta cikin minti ɗaya, sauti ya dawo, sauran fitilu suka dawo, ita kuwa ƙatuwar ta ce ba ta san zance ba. Sai da ta huce, kusan minti goma, sannan ta kama. Da tocilan wayoyin 'yan kallo aka ƙarasa wurin. Bayan wata uku ƙwanta ya mutu, kuɗin sabo ya kusa rabin abin da na saye ta. Wallahi na daɗe ina jin kunyar haɗa ido da ma'ajinmu.

Abin da na koya daga nan shi ne zan shimfiɗa muku. A taƙaice: nisan ɗakin da kuke wasa da irin wutar da kuke da ita, su ne za su zaɓar muku fitila. Lambar wat da ke jikin kwali ita ce ta ƙarshe da za ku duba.

Mece ce ita, kuma me ya bambanta ta da sauran fitilu?

Fitila ce mai dogon jiki kamar bututu, a ɗore a kan ƙafa uku, mutum yana riƙe da ita yana juyawa. A cikinta akwai ƙwai, da madubin da ke turo haske gaba, da gilasai masu tattara shi ya fita a dunƙule, gefensa a yanke tsaf kamar an zana da alli. Wannan yankakken gefen shi ne sirrinta. Fitilar sikiriti ko fitilun kala-kala na wajen biki watsa haske suke yi ko'ina, don haka ko ka ɗaure su a kan ƙafa kana juyawa ba za su ware mutum ɗaya ba.

Tarihinta ya kai kusan shekara 200. A shekarun 1820 aka gano cewa idan aka gasa dunƙulen farar ƙasa da harshen wuta mai tsananin zafi, yana ba da haske fari ƙal. Wani injiniyan soja ɗan Sikotland, Thomas Drummond, ya yi fice da irin wannan fitila, kuma a 1837 aka yi amfani da ita a gidan wasan Covent Garden da ke Landan. Daga baya lantarki ya karɓi aikin. A 1956 kamfanin Strong na Amurka ya fito da wata mai suna Super Trouper, wadda ta zama sarauniyar manyan wasannin mawaƙa. Daga sunanta ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin (ba Abban unguwarku ba) ta samo sunan waƙarta da kundinta na 1980.

Sassan da dole ka sani kafin ka shiga shago

- Airis: wasu siraran ƙarafa ne da ke tsukewa su buɗe kamar ƙwayar ido, su rage faɗin da'irar ko su ƙara. Fitilar da ba ta da airis, bar ta kawai.
- Dima: abin rage haske a hankali har ya mutu. Da ita ake ɗauke jarumi daga idon 'yan kallo ba tare da an yi fat ɗaya ba.
- Zum da fokas: zum yana matse hasken ko ya baza shi, fokas yana sa gefen da'irar ya yi kaifi ko ya yi laushi.
- Akwatin kala: yawanci kala biyar ko shida ne, kowace da ɗan hannunta da ake turawa gaban hasken.
- Ƙafa da wuya: wurin da fitilar ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Mutane ba sa kula da shi, alhali a nan aikin yake yin kyau ko ya ɓaci.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane: tsuke airis ba ya ƙara ƙarfin haske, yanke gefen kawai yake yi. Zum ne idan ka matse shi yake tattara hasken wuri ɗaya ya ƙara ƙarfi.

Mataki na farko: ɗauki tef ka auna ɗakin

Je ɗakin da kuka fi yin wasa. Tsaya a inda fitilar za ta zauna, yawanci can baya, ka auna zuwa wuri mafi nisa da jarumi zai tsaya a dandamali. Rubuta lambar a wayarka. Namu mita 15 ne.

Sai ka yanke irin faɗin da'irar da kake so. Don mutum ya fito tun daga hula har takalmi, kana buƙatar wajen mita biyu da rabi. Idan akwai babbar riga da za a riƙa yarfawa, ko gwaggwaro mai tsayi, ko rawa, ƙara kaɗan ya kai mita uku. Rabin jiki kuwa, daga ƙugu zuwa kai, mita ɗaya da rabi ya isa, kuma wannan airis zai yi maka.

Kowace fitila tana da kusurwar haskenta da ake rubutawa da digiri. Lissafin ba wuya:

faɗin da'ira = nisa × digiri × 0.0175

Misali, fitila mai digiri 10 a nisan mita 15: 15 × 10 × 0.0175, ya ba ka mita 2.6. Daidai cikakken mutum ke nan. Ita dai wannan fitilar a mita 8 da'irarta mita 1.4 ce kacal, za ta yanke wa jarumi ƙafafu, kuma airis ba zai iya ƙara ta ta wuce nan ba. A mita 25 kuma ta kai mita 4.4, hasken ya bazu ya yi sanyi. Don samun wajen mita biyu da rabi, ga abin da ya dace:

- mita 8: digiri 18 zuwa 19
- mita 10: digiri 14
- mita 15: digiri 10
- mita 20: digiri 7
- mita 30: digiri 5

Idan kuna yawo ne, yau wannan makaranta gobe wancan fili, nemi mai zum wadda digirinta ya haɗa duk nisan da kuke aiki da shi.

Mataki na biyu: ƙarfin haske a inda jarumi yake

Wat yana gaya maka wutar da fitila ke sha ne. Hasken da ya isa fuskar mutum kuwa da laks ake auna shi. Kuma haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: ka ninka nisa sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke ba da laks 2,000 a mita 5, a mita 10 laks 500 za ta bayar, a mita 15 wajen 220, a mita 20 kuma 125.

Kun ga inda mai shago ya ci ni. Bangon shagonsa bai fi mita huɗu ba, ko tocila ce za ta burge a nan. Kamfanonin kirki suna buga jadawalin laks a nisa daban-daban cikin takardar fitilar. Idan ka ga an rubuta laks mai yawa amma ba a faɗi a wane nisa ba, lambar ba ta da amfani. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Nawa ne ya isa? Ya danganta da sauran fitilun dandamalinku. Ni ƙa'idata, da'irar ta ninka hasken da ke kewaye da ita aƙalla sau biyu, in ba haka ba ta narke a ciki ba wanda zai lura. Sauke manhajar auna haske a waya, kunna fitilunku na kullum, ka auna a tsakiyar dandamali daidai tsayin fuska. Manhajar ba ta kai na'urar gaske daidaito ba, amma ta isa kwatanta abu biyu muddin waya ɗaya ka yi amfani da ita. Kuma ga dabarar da ba ta cin ko sisi: idan fitilar bin jarumi ta shigo, a rage sauran fitilun. Ƙaramar fitila a ɗaki mai duhu ta fi babba a ɗakin da hasken taga ke shigowa.

Mataki na uku: wane irin ƙwai?

*Halojin.* Shi ne tsohon hannu, mai zare a ciki kamar ƙwan ɗaki na da. Yawanci wat 575 zuwa 1,000 ne. Haskensa ruwan ɗorawa-ɗorawa ne mai taushi, wajen Kelbin 3,200, kuma babu wanda ya kai shi fito da kalar fata da ta tufafi yadda take. Yana kamawa nan take, kuma fitilarsa ta fi araha. Matsalarsa uku: shan wuta, zafi, da gajeren rai. Ƙwai na yau da kullum wajen awa 300 yake yi, akwai mai dogon rai da ke kaiwa awa 1,500 zuwa 2,000 amma haskensa bai kai na farkon ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi awa biyu a watan Afrilu ya san abin da nake nufi da zafi. Kuma kada ka taɓa gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana sa ya fashe da wuri.

*Ƙwan gas.* Irin wanda ya kunyata ni ke nan. Ba shi da zare, tartsatsin wuta ne ke tsalle tsakanin ƙarfe biyu a cikin gas. Za ka ga an rubuta HMI ko MSR, wat 575 ko 1,200, ko kuma 7R mai wat 230 da 15R da 17R da suka cika kasuwa daga Chana. Haskensa yana da ƙarfi sosai, fari mai ɗan shuɗi, shi ya sa ake amfani da shi a nesa. Amma yana tafiya da balas, wato irin cok ɗin doguwar fitila, yana ɗaukar 'yan mintoci kafin ya kai cikakken haske, kuma da yawansu idan suka mutu da zafi ba sa sake kamawa sai sun huce. Akwai masu kamawa da zafinsu, amma sun fi tsada. Ƙwan yana da tsada, tsoho yana iya fashewa, kuma yana fitar da hasken da ke cutar da ido da fata idan aka kunna shi murfi a buɗe. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ƙwai jidali ne.

*LED.* Ga ƙaramar ƙungiya, nan na tsaya. Tana kamawa nan take ko sau nawa aka ɗauke wuta, ba ta shan wuta sosai, jikinta ba ya ƙona hannu, kuma masu ƙerawa suna cewa tana yin awa 20,000 zuwa 50,000, wato babu zancen sayen ƙwai. A abin da na gani, mai wat 60 zuwa 120 tana riƙe mita 10 zuwa 15 a ɗaki mai duhu, mai wat 200 zuwa 350 kuma tana kaiwa mita 20 zuwa 30. Kamfanoni irin su Chauvet DJ da ADJ suna yin ƙananan, misali LED Followspot 120ST da FS600LED, sannan akwai marasa suna birjik. Manya irin na Robert Juliat na Faransa da Lycian na Amurka kuwa, na manyan gidajen wasa ne, sai dai mu gani a bidiyo. LED ma tana da nata: mai araha takan ɓata kalar fata, takan yi rawa a kyamara, wata kuma fankarta ƙara gare ta. Kuma idan allon cikinta ya ƙone, ba kowane mai gyara ne zai iya ba.

Gargaɗi ɗaya: fitilun nan masu juya kai da kansu na wajen biki, masu harba siririn haske sama kamar sanda, ba a yi su don fuskar mutum ba. Haskensu siriri ne ƙwarai, tsakiyarsa da zafi, kuma masu ƙera su suna gargaɗin a nisanta su da duk abin da suke haskawa. Kada DJ ya ce zai bi muku jaruma da ita.

Mataki na huɗu: wuta

Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120. Kayan hannu da yawa daga Amurka suke zuwa, don haka juya bayan fitilar ka karanta. Idan an rubuta 100–240V, ka huta. Idan 120V kaɗai ka gani, soka ta a soket ɗinmu ƙona ta ne nan take, sai da taransifoma ko a sauya mata ƙwai mai 230 idan halojin ce zalla, kuma fankarta ma sai an duba.

Sai ka tara lissafin janareta. Janareta mai kVA 2.5 abin da zai ɗauka wajen wat 2,000 ne, kuma bai kamata a cika shi maƙil ba, bar masa kashi ɗaya cikin huɗu. Idan fitila ɗaya ta cinye 1,200, ina sauti da fanka da sauran fitilu za su zauna? Ƙaramin janaretan nan na shago ma ba zai ko ɗaga ta ba.

A nan LED ta yi zarra. Batirin bolt 12 mai 100Ah, ko rabinsa kawai ka ja, da ƙaramar inbata zai riƙe fitilar da ke shan wat 150 sama da awa uku. Mu yanzu haka muke yi: fitilar bin jarumi tana kan batirinta ita kaɗai. In an ɗauke wuta, komai ya mutu amma jarumi yana nan cikin haskensa, sai 'yan kallo su ɗauka da gangan aka yi.

Ƙarin abubuwa uku. Ja wa fitila layinta daban da na na'urar sauti, don kada lasifika ta riƙa gunji. Yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe, mai layin ƙasa, tunda mutum ne zai rungumi jikin ƙarfe awa biyu. Idan wayar a naɗe take a kan gangarta, warware ta duka, naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa.

Fata, kala da kyamara

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Akwai ma'aunin da ake kira CRI, daga ƙasa zuwa 100, da ke nuna yadda haske ke fito da kala ta gaskiya. Halojin yana kan 100. LED mai kyau tana kai 90 ko fiye. Mai ƙarancin CRI, musamman mai fari-shuɗi, tana sa baƙar fata ta yi toka-toka kamar an shafa alli, jan leshi ya koma wani iri, kwalliyar awa biyu ta tashi a banza. Kada ka gwada a farin bango. Tafi da mutum biyu, mai duhun fata da mai haske, da atamfa mai ja a jiki.

Idan fitilar ta yi fari da yawa, ledar kala ta musamman da ake ce wa jel tana gyarawa. Lee 205 tana ɗumama farin haske rabi, Lee 204 tana mai da shi kamar na halojin gaba ɗaya, Rosco 02 kuma ruwan zuma ce mai taushi da ke yi wa fuska kyau. Ruwan hoda mai haske da shunayya mai haske su ma suna karɓar fatarmu. Kore da shuɗi mai duhu a bar su sai wurin aljanu ko mafarki. Ka tuna kowace leda tana cin wani kaso na hasken, mai duhu ta fi ci. Kuma kada a sa ledar kasuwa a gaban halojin, narkewa za ta yi.

Sai kyamara. Yau da yawa daga cikin masu kallonku a TikTok da YouTube za su gan ku. LED da yawa suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa da saurin da ido ba ya gani, amma kyamara tana gani, sai layuka su riƙa gudu a hoton. Buɗe kyamarar wayarka, rage dima zuwa rabi, sannan zuwa can ƙasa, ka ɗauka da bidiyo na yau da kullum da kuma mai tafiyar hawainiya. In ka ga layuka, ka san abin da za ka saya.

Saya, haya, ko haɗawa?

Ƙirga wasannin da kuke yi a shekara. Idan biyu ne ko uku, misali na Sallah da na yaye ɗalibai, haya ta fi. Masu ba da hayar kayan sauti na biki da yawa suna da ita. Tambayi kuɗin hayar dare ɗaya, ninka shi da adadin wasanninku na shekara biyu, ka kwatanta da kuɗin sabuwa. Ko da saya za ku yi, hayar irin wadda kuke so sau ɗaya ita ce gwajin da ya fi kowane, gani ya kori ji. A roƙi mai ita ya kawo tun ranar rihazal.

Akwai kuma hanyar haɗawa. Fitilun dandamali masu gilashin tattara haske, irin Source Four da kamfanin ETC ya fito da ita a 1992, ana iya zura musu airis a ɗora su a kan ƙafa su yi aikin bin jarumi. Bututun gabansu ana sauyawa: akwai mai digiri 19, da 14, da 10, da 5, sai ka duba jadawalin can sama. Mai walda zai yi maka hannun riƙewa a baya, a naɗe shi da katako saboda zafi, mai riƙewa kuma ya sa safar hannu. Ga ɗakin da bai wuce mita 15 ba, wannan yana fidda kai.

Duk wadda ka zaɓa, kada kuɗin ya ƙare a kan fitilar kanta. Ware na ƙafa mai ƙarfi, da waya, da akwatin ajiya, da ƙwai na ko-ta-kwana idan ba LED ba ce.

Gwaji kafin ka biya

1. A fita da ita waje ko lungu mai tsayi da yamma, a haska a ainihin nisan ɗakinku.
2. Duba da'irar: hasken ya zama bai ɗaya, ba tsakiya jau gefe duhu ba, kuma babu bakan gizo a gefen.
3. Tsuke airis ka buɗe sau goma. Ya tafi sumul, da'irar ta tsaya zagayayya ba ƙwai-ƙwai ba.
4. Rage dima a hankali ka ga ko tana sauka santsi ko tsalle take yi.
5. Zare filogi ka mayar nan take. Wannan gwajin da na yi shi, da ban ji kunya ba.
6. Bar ta a kunne minti 30, ka saurari fanka, ka shinshina ko akwai ƙauri.
7. Saki hannunka. Fitila mai daidaito tana tsayawa inda ka bar ta, ba ta sunkuyawa.
8. Ta hannu ce? Leƙa madubi da gilasai da tocila, ka nemi tsaga ko dusashewa, kuma tambayi farashin ƙwanta da inda ake samu tun kafin ciniki.
9. Karɓi rasit, a rubuta kwanakin da za ka iya mayarwa.

Mai shagon da ya ƙi a gwada, yi masa sallama cikin mutunci. Araha ba ta ado.

Inda za a kafa ta, da wanda zai riƙe

Masana hasken dandamali suna son haske ya sauko wa fuska daga sama a karkace, wajen digiri 30 zuwa 45. A nisan mita 15, ko digiri 30 ɗin yana buƙatar tsayin kusan mita tara, ɗakunanmu kuwa ba su da shi. Abin da za mu iya shi ne ɗaga ta gwargwadon hali: bene idan akwai, ko dakalin katako mai ƙarfi da zai ɗaga ta sama da kan mutumin da ya miƙe tsaye. In ta yi ƙasa, za ta kashe wa jarumi ido, ta buga ƙatuwar inuwarsa a labule, kuma duk wanda ya tashi zuwa bayi sai kansa ya fito a dandamali. A danne ƙafafun da buhun yashi, a manne waya a ƙasa, a hana yara zuwa wurin.

Mai riƙewa kuwa, shi ne rabin fitilar. Motsin yatsa ɗaya a wurinsa, a dandamali taku guda ne. Ku zaɓi mai natsuwa, ba mai son kallon wasa ya manta da aikinsa ba. Ya halarci rihazal aƙalla biyu, ya rubuta wa zai ɗauka, daga wace ƙofa, da wace kala. A ɗaura masa 'yar waya mai lanƙwasa biyu a saman fitilar, gaba da baya, kamar saitin bindiga, don ya saita mutum tun haske yana rufe, sannan ya buɗe dima. Babu abin da ke zubar da ajin wasa kamar da'ira tana yawo a labule tana neman jarumi. Kai ya kasance a cikin da'irar kullum, da ɗan sarari a samansa. Magana da darakta kuma ta oba-oba ko waya da abin kunne.

Bayan wasa, bar fanka ta huce da ita kafin a naɗe. Lokacin hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba: tana toshe fanka, tana dusashe gilashi. A hure ta, a goge gilasai da ƙyalle mai laushi, a rufe ta a akwati.

A gurguje

- Ƙasa da mita 15, ɗaki mai duhu: LED mai wat 60 zuwa 120, ko haɗaɗɗiyar halojin.
- Mita 15 zuwa 30: LED mai wat 200 zuwa 350 mai zum.
- Fili ko sama da mita 30: hayar babba tare da mai ita da janaretansa.
- Wasa biyu ko uku a shekara: haya, ko wane nisa ne.

Mu dai mun sayar da ƙatuwar a faɗuwa, muka yi wata shida muna haya, sannan muka sayi LED mai wat 120 da ƙafa mai kyau da batiri. Ba ta kai waccan haske ba, amma a mita 15 ɗinmu ta isa, kuma tun da ta zo ba ta taɓa barin jarumi a duhu ba. Ma'ajinmu ma ya dawo yana amsa gaisuwata da fara'a.

In kuna shirin saya, ku fara da tef ɗin awo gobe da safe. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi wasa lafiya a tashi lafiya. Sai mun sake haɗuwa.